Tausayin Da Ya Raba Auta Da Tanda

Akwai laifin da ba a kai mai shi gaban alƙali, ba a zaginsa a titi, wasu ma albarka suke sa masa. Laifin shi ne ka ɗauki rayuwar mutum ka sa a aljihunka, ka riƙa yanke masa hukunci a bayan idonsa, in an yi magana ka dafe ƙirji ka ce ai tausayi ne. Shi Injiniya ya aikata. Bai taɓa zagin Auta ba, bai taɓa ɗaga ido ya kalli wata ba, amma sai da ya biya har ƙarshe.

A bayan gidan burodin da take aiki, jikin ɗakin ajiye fulawa, akwai wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Nan ta zaunar da shi a lokacin hutun rana, hannuwanta fari fat da gari.

"Dawo ta damana," ta ce. "Amsar da za ka ba ni yau ina so in ji ta da kyau."

"Gimbiya, shari'a za a yi min?"

"Ka ce gobe za ka kai maganarmu gidanku."

"Na ce! Kuma ko sama da ƙasa za su haɗu..."

"To kafin su haɗu, ka saurare ni."

Shi dai ba injiniya ba ne. Mai gyaran tanda ne da injin kwaɓa fulawa, ma'aikata suka liƙa masa sunan, shi kuma bai ƙi ba. Tun ranar da ya fara ganin Auta a bakin tanda, injinan gidan suka kamu da wata irin cuta, kullum sai an sami notin da ya kwance. Har manaja ya taɓa tambayarsa ko da injin yake soyayya.

Auta ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ina 'yar shekara biyar aka gano ciwon daji a cikina. An yanka ni, an cire ƙarin tare da ƙodata ɗaya. Maganin da ya kashe ciwon shi ya taɓa min kunne, na hagun ya fi lalacewa. Juya maka dama da nake yi ba yanga ba ce."

Ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta ci gaba.

"Ya taɓa zuciyata kuma. Ba sosai ba, amma duk shekara ana duba ta, ina shan ƙwaya safe da yamma. Haihuwa kuwa..."

"Haihuwa?"

"Likita ba ta ce babu ba. Ba ta ce akwai ba. Ta ce kada in sa rai da yawa."

"Ciwon... yana nan?"

"Ya tafi tun ina yarinya. Abin da ya bari a baya ne nake zaune da shi."

Sai ga hawaye sharɓe-sharɓe a fuskar ƙato. Ta miƙa masa hankicinta, ya share, ya bar layin gari a kumatu.

"Kai fa! Ni da aka yanka ban yi kuka ba, kai da aka ba labari?"

"Rabin raina... duk wannan kika sha, ke kaɗai?"

"Ba ni kaɗai ba, da babana. Ka fasa?"

"In na fasa kada Allah ya nuna min gobe!"

"Bar rantsuwa, sharaɗi biyu gare ni. Mutanen gidanku ka gaya musu, haƙƙinsu ne su sani. Amma a nan wurin aikin ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani. Wurare biyu na taɓa faɗin gaskiya, suka ce in je za a neme ni. Har yau ana nemana."

"Na biyun fa?"

"Kada ka mayar da ni majinyaciya. Wannan aikin na yi shi tun ina ƙarama, na yi ritaya."

Ya yi dariya cikin hawaye, ya yi alkawari. Aka buga ƙararrawar komawa aiki, ita ba ta ji ba, sai da ta ga mutane suna miƙewa. Ta sunkuya za ta ɗauki farantan burodin da ta jingine, ya yi wuf ya riga ta.

"Ba komai a kansu fa," ta ce.

"Na sani, Gimbiya, na sani..."

Ya ɗauka dai.

A gidansu kuwa maganar ba ta sha da daɗi ba. Mahaifiyarsa ta riƙe haɓa. Yayarsa ce ta yi magana, babbar 'yar gidan, mai shagon kayan kwalliya, wadda tuntuni ta tanadar masa ƙanwar mijinta.

"Ƙoda ɗaya, kunne ɗaya, zuciya rabi! Kai yaro, mata ka samo ko aikin gyara?"

"Yaya, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Ka saba da tsofaffin injuna, yanzu har a aure ma sai wadda aka cire wa kaya?"

Mahaifiyar ta nisa. "Ni dai jika nake so in goya kafin bayana ya ƙi, ɗana."

"Mama, ki yi haƙuri. Ita ko babu."

A nan dole a yaba masa. Ya tsaya, kuma bai tsaya da rabin ƙafa ba. Aka yi fushi da shi, aka daina ajiye masa abinci, aka haɗa shi da kawunnai, bai canza ba. Da a nan labarin ya tsaya, da Injiniya ya zama abin misali a unguwa.

Amma wanda ya iya tsare ta daga bakin mutane bai iya tsare ta daga kansa ba.

Da can Auta da ƙafa take zuwa aiki, tana shan iskar safe. Yanzu kafin ta fito ya kafa babur a ƙofar gidansu. In za su hau bene, sai ya tsayar da ita a kowane hawa ya ce a huta. In ta yi dariya da ƙarfi, ya ce a hankali. In ta yi tari, ya miƙe tsaye. Saƙonninsa da a da suke cewa "na yi kewarki" suka koma "kin sha magani?" Ranar da ta yi ado ta fito masa, ya daɗe yana kallonta, ta sunkuyar da kai tana murmushi, sai ya ce:

"Kamar ƙafarki ta ɗan kumbura."

"Takalmin ne sabo!"

"Ki dai bari in danna in gani..."

"Injiniya, wai saurayina ne kai ko ma'aikacin jinya?"

"Duka biyun, hasken idona."

"To ɗayan nake so. Ka sallami ɗayan."

Da lokacin duba ta na shekara ya zo, ta ce ya raka ta, ko ya ji da kunnensa hankalinsa ya kwanta. Likitar wata dattijuwa ce mai furfura, ita take bin Auta tun tana 'yar makaranta. Aka ɗauki hoton zuciya, aka ɗebi jini, aka gwada kunne. Injiniya ya zauna a bakin kujera kamar shi za a yi wa allura.

"Likita, aikin nan da take yi a bakin wuta fa?"

"Ta yi abinta. Ta yi tafiya, ta hau bene, ta yi gumi. Zuciyar da aka kwantar ita ta fi saurin gajiya. Abin da na hana ta ta san shi: ɗaga kaya mai nauyi irin buhun fulawa, gishiri da yawa, da zama ba ruwa a cikin zafi."

"Amma abin zai iya tsananta?"

"Zai iya. Waɗanda suka sha irin maganin nan suna yara, da yawansu sai sun manyanta abin yake nuna kansa. Shi ya sa muke duba ta duk shekara, don mu riga shi. Bana dai zuciyar tana nan yadda muka bar ta bara."

Auta ta harare shi da wasa. "Ka ji?"

"Na ji."

Ƙarya ne. A duk maganar likita kalma biyu kawai suka shiga kansa, "zai iya", su ya ɗauko ya taho da su gida.

Cikin kwanakin ne Yaya ta je gidan burodin da sunan sayayya, don ta ga yarinyar da idonta. Aka kira mata Auta. Yaya ta tsaya ta hagunta da gangan, ta yi ƙasa da murya tana magana a fatar baki.

Auta ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Yaya, ki zagayo ta damana. Ko zagi ne, ina so in ji shi cikakke."

Yaya ta karɓi burodinta ta fita. Amma ba da burodi kaɗai ta fita ba. Ta gane irin macen da take gabanta: wadda zagi ba ya tanƙwara ta, wadda kuma ba za ta yafe a raina ta ba.

Ana nan sai babbar fankar da take zuƙe zafi daga ɗakin tanda ta tsaya. Aka kira Injiniya. Ya shigo da akwatin kayan aikinsa, ya hau tsani, ya kwance murfin fankar. Daga can sama ya hango Auta ta bar bakin tanda, ta zauna a kan bokiti, ta ɗaga gorar ruwa tana sha, gumi na zuba. Ba ita kaɗai ta zauna ba, ƙarti biyu ma sun zube a ƙasa suna fifita da kwali. Bai gan su ba.

Ya diro, ya durƙusa a gabanta.

"Jiri kike ji? Ƙirjin ne?"

"Zafi nake ji, kamar kowa. Tashi, ana kallonmu."

"Mu tafi asibiti!"

"Ka koma kan tsaninka."

Ta sha ruwanta, ta miƙe ta buɗe tanda ta ciro burodi. Shi kuwa ya kasa mayar da hankali kan aikin. Ya ce wa manaja sai ya sayo wani ƙarfe, ya bar fanka a kwance ya tafi gida.

A gida ya tarar da Yaya, ta ga fuskarsa, ta tambaya, ya zazzage mata komai. Ya jira ta yi habaici. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya.

"Ƙanina, na yi tunani. Tunda ka nace, ni na haƙura. Yarinyar ma na gan ta, ba ta da laifi."

"Da gaske, Yaya?"

"Da gaske. Tausayinta ma nake ji. Amma kai wane irin so kake mata? Kana kallo wuta tana cin ta kullum?"

"Na yi magana, ta ƙi."

"Ai ba za ta yarda ba! Irinsu ba sa yarda sai sun faɗi. Ranar da aka ɗauko ta ranga-ranga, me za ka ce wa babanta? Ka ce ka sani ka yi shiru?"

"Na yi mata alkawari, Yaya..."

"Alkawari da rai wanne ya fi? Ka je ka sami manajan nan a asirce, ka gaya masa halin da ake ciki, ya mayar da ita wuri mai sanyi. Ba sai ta sani ba. Wata rana ita da kanta za ta gode maka."

Maganar ta yi masa daɗi, don dama ita ce a zuciyarsa, wanda zai furta ta kawai yake nema.

Washegari ya shiga ofishin manaja ya rufe ƙofa. Ya faɗi ciwon, ya faɗi ƙodar, ya faɗi kunnen, ya faɗi zuciyar. Har abin da ba a tambaye shi ba ya faɗa.

"Yallaɓai, roƙona ɗaya, a mayar da ita wajen sayarwa. Kuma don Allah kada ta ji daga ina maganar ta fito."

Manaja ya cire tabarau yana gogewa. "Kana nufin ma'aikaciyata za ta iya faɗuwa a bakin tanda?"

"Zai iya faruwa."

"Na gode da ka sanar da ni. Ka yi abin da ya dace."

Injiniya ya fito yana jin kansa kamar wanda ya tsamo yaro daga rijiya.

Kwana kaɗan manaja ya kira Auta. Ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ta ko za ta sha ruwa. Tun daga nan ta sha jinin jikinta.

"'Yata, aikinki ba wanda zai kushe. Amma mun samu labarin larurarki."

"Wace larura, yallaɓai?"

"Kada mu wahalar da juna. Wurin nan ba zai iya ɗaukar alhakin ranki ba. Na so in kai ki wajen sayarwa, to can kuma aikin kunne ne, mai saye yana magana ta ko'ina. Ki je ki huta. In wani gurbi ya samu za mu neme ki."

"Shekara nawa ina tsaye a tandar nan, na taɓa faɗuwa?"

"Ba ki taɓa ba."

"Na taɓa ƙona maka burodi?"

"Ba a nan maganar take ba."

"Wa ya gaya maka?"

"Mai ƙaunarki ne. Ki gode wa Allah da ya ba ki irinsa."

Ta miƙe. Ta kwance rigar aikin, ta ninke ta, ta ajiye a kan teburinsa. Kafin ta kai ƙofar fita labari ya riga ta zagaye gidan. Matan da suke tsokanarta kullum, suna ce mata sarauniyar wuta, suka dare suka ba ta hanya, ba mai iya haɗa ido da ita. Tsohon mai gadi, wanda kowace safiya sai sun yi faɗan wasa, ya cire hularsa ya ce:

"Sannu da jiki, 'yata."

Wannan sannun ta fi korar ciwo.

Injiniya yana bakin titi a kan babur, yana jira da murmushinsa. Ya ga hannunta babu jakar rigar aiki, murmushin ya fara zamewa.

"Gimbiya, an mayar da ke wajen sayarwa?"

"An mayar da ni gida."

"Gida? A'a! Ba haka muka yi da shi ba! Ni cewa na yi..."

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Fanka aka kira ka ka gyara."

"Rabin raina, saurare ni..."

"Fanka ce ta lalace, Injiniya. Ita ka bari a kwance, ka zo ka kwance ni."

"Tsoro na ji! Na gan ki a zaune, na ga kamar... wallahi don ina sonki ne!"

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi muni. Da maƙiyi ne da na san yadda zan yi da shi."

"Ki bar aikin ma! Ni zan riƙe ki, ba abin da za ki nema ki rasa. Ki zauna a gida ki huta."

"In huta in jira me?"

Ta matso daf da babur ɗin.

"Abu biyu na roƙe ka. Biyu kacal. Ban ce ka ba ni ƙoda ba."

"Hau mu je gida mu yi magana..."

"Da ƙafata zan tafi."

Ta tafi. Ya bi ta a hankali da babur yana kiran sunanta ta hagu, ba ta juyo ba. Ko ba ta ji ba ne, ko ta ji, ita kaɗai ta sani.

Ya yi ta aike, ya yi ta kira, ba amsa. A ƙarshe ya je ya durƙusa gaban mahaifinta, wani tsohon direba mai ƙarancin magana, yana zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyo.

"Baba, ka sa baki. Kai ka san tsoron da nake ji."

"Na san shi kafin ka san shi. Ni na goya ta zuwa asibiti, kanta ba gashi ko ɗaya. Har gobe in ta yi tari sai cikina ya ɗuri ruwa."

"To ka ga, Baba!"

"Na gani. Amma tsorona kayana ne, ni nake ɗaukar abina. Ban taɓa ɗora mata ba, nata kayan ya ishe ta. Kai naka ya yi maka nauyi, ka sauke a kanta, ka kira shi so."

"Zan gyara, Baba."

"Ku masu gyara kun ɗauka komai yana da noti." Tsohon ya mayar da kansa kan rediyo. "Ban hana ta ba, ba zan sa ta ba. Ba a yanke wa yarinyar nan hukunci a gidan nan."

Ya koma gida. Tun daga ƙofa ya jiyo dariyar Yaya a ɗakin mahaifiyarsu, muryarta har waje.

"Ai na gaya miki, Mama, zagi ba zai raba su ba. Irin yarinyar nan sai dai shi ya raba kansa da ita da hannunsa. Ni hanya kawai na nuna masa!"

Ya ɗaga labule ya tsaya. Dariyar ta tsinke.

"Dama kin san abin da zai faru?"

Yaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Na sani mana. To ni na shiga ofishin? Ƙafarka ce ta kai ka, bakinka ne ya faɗa. Ni ma tausayinka na ji, ƙanina."

Ya saki labulen. Bai sake taka shagonta ba.

Auta ta sha wuya, wannan ba a ɓoye shi. Masu gidajen burodi sun san juna, maganar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta je sai a ba ta kujera, a ba ta ruwa, a ce za a neme ta. Ta yi watanni a gida. Zaman ya sa ta yi nauyi, hawan bene ya fara sa ta haki, har likita ta yi mata faɗa. Daga baya ta ji labarin wata mata da ta buɗe ƙaramin shagon kek a can wata unguwa. Ta je da kanta, kafin a ba ta kujera ta zayyana wa matar komai da bakinta.

Matar ta gama ji, ta ce, "Ni hawan jini gare ni da ciwon gwiwa. Kwaɓinki yana tashi?"

"Yana tashi."

"To wanke hannu."

A wannan shagon Injiniya ya same ta, bayan ya yi ta cigiya. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya tsaya a bakin ƙofa ya jira har ta ciro abin da yake cikin tanda. Ya zagaya ta damanta.

"Gimbiya."

"Sannu da zuwa, Injiniya. Tandarmu lafiyarta ƙalau."

"Ba gyara na zo ba. Na gane laifina. Yaya ce ta zuga ni, na ji da kunnena."

"Ta zuga ka ne a kan abin da yake ranka."

"Haka ne... haka ne. Amma na canza, wallahi na canza! Ki gwada ni. Ki yi aikinki, ki yi tafiyarki, ba zan sake cewa uffan ba."

Tana sauraronsa ta kai hannu ta share gumin goshinta, ta ɗan dafa tebur. Idonsa ya bi hannun, ya sauka a ƙirjinta yana ƙirga numfashi, ya gangara ƙafarta. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Ta gani.

"Ka ga?" ta ce a hankali.

"Ban ce komai ba!"

"Bakinka bai ce ba."

"Ba kya sona kuma?"

A nan ne kawai muryarta ta yi rawa.

"Ina sonka. Wannan ba a cire shi da wuƙa, da na je an cire. Amma in na aure ka, kowace safiya zan buɗe ido in ga zaman makokina a fuskarka. Ban san kwana nawa suka rage min ba, kai ma ba ka san naka ba. Nawa dai ba zan cinye su ina ba ka haƙurin mutuwar da ban yi ba."

"Rabin raina..."

"Ka je, Injiniya. Na yafe maka. Aure ne ba zan yi da kai ba."

Mai shagon ta leƙo daga ciki. "Auta, in baƙon nan ba saye zai yi ba, ya matsa, ya tare mana iska!"

Ya matsa.

Auta tana nan da ranta. Kunnen daman ma ya ƙara nauyi, yanzu da na'ura take ji. An ƙara mata ƙwaya a kan waɗanda take sha. Wata shekara an ga wani ɗan ƙulli a wuyanta wajen dubawa, aka cire shi tun bai zama komai ba, ta yi jinya ta koma bakin tanda. Daga baya ta auri mutumin da yake kawo musu ƙwai, wani mai murya kamar tsawa, wanda suke faɗa da shi a kan farashi har bayan aure. Ba ta haihu ba.

Shi kuwa Injiniya, ga abin da tausayinsa ya ci masa. Ya rasa matar da ya yi faɗa da gidansu duka saboda ita. Ya rasa yayarsa, ko a taron dangi gaisuwa ce kawai take haɗa su. Ya rasa aikin gidan burodin, don ma'aikatan sun daina amsa sallamarsa, har ya daina zuwa da kansa. Mahaifiyarsa da take kukan jika ba ta samu ba, don ya ƙi ƙanwar mijin Yaya, ya ƙi duk wadda aka kawo bayanta. Kuma tsoron da ya sayar da komai don ya rabu da shi bai bar shi ba. Yana nan tare da shi, sai dai yanzu ba shi da ikon tambayar kowa ko ta sha magani.